Barkono Ba Wuta Ba Ne, To Me Ya Sa Yake Ƙuna?

Duk wanda ya taɓa gutsurar kilishin da aka cika wa yaji ya san abin da ke biyo baya. Harshe ya ɗau zafi, gumi ya tsattsafo a goshi, hanci ya soma zuba, hannu ya shiga laluben ruwa. Amma da za a sa ma'aunin zafi a bakin mutumin a daidai lokacin, ba abin da zai nuna ya ƙaru. Naman ba daga wuta aka tsamo shi ba, harshen kuma bai ƙone ba. Haka wanda ya kurɓi shayi mai na'ana'a a fada, ya ja iska ta baki, zai ji wani sanyi-sanyi, alhali yanzun nan aka sauke butar daga garwashi. To jiki ƙarya yake yi mana? Amsar tana cikin darussan farko da ɗaliban likitanci ke ɗauka can Harobanda, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ke ƙetaren kogi, sai dai ba sai mutum ya haye gada zai gane ta ba.

Abin da za a fara riƙewa shi ne, ƙwaƙwalwa ba ta taɓa ganin haske ba, ba ta taɓa jin ƙara ba. A kulle take cikin ƙoƙon kai, cikin duhu. Duk abin da ta sani game da waje, jijiyoyi ne ke kawo mata, wato jijiyoyin saƙo, ba na jini ba. Su kuwa abu ɗaya tak suke iya ɗauka: ɗan bugun lantarki. Haske ba ya bin jijiya, wari ba ya bin jijiya. Saboda haka a bakin kowace hanya akwai wasu ƙwayoyin halitta, ko kuma ƙarshen jijiyar kanta, da aikinsu shi ne su karɓi abin da ya zo daga waje su juya shi ya koma lantarki. Bari mu kira su makarɓa. Na ido haske suke jira, na kunne girgizar iska, na hanci da harshe sinadarai, na fata kuma matsi da zafi da sanyi da rauni.

Yadda juyawar ke faruwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Kowace ƙwayar jijiya tana lulluɓe da siririn tantani, kuma cikinta ya fi wajenta ƙarancin caji da kamar milibolt 70. A jikin tantanin akwai wasu 'yan kafofi da ke buɗewa su rufe. Idan abin da makarɓin ke jira ya iso, kafar ta buɗe, sinadarin sodiyom, wanda ke cikin gishirin miya, ya kwararo ciki, cajin ya sauya. In sauyin bai kai wani mizani ba, shi ke nan, ya mutu a wurin, ƙwaƙwalwa ba za ta san an yi ba. In ya kai, bugu ya tashi, ya bi jijiya har ƙarshenta. Ido ne ya bambanta: a can haske rufe kafofin yake yi, amma sakamakon dai sauyin caji ne.

A nan barkono ya shigo. A shekarar 1997 David Julius da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gano kafar da sinadarin barkono, kafsaisin, ke buɗewa. Daga baya aka sa mata suna TRPV1. Da suka gwada ta sai suka tarar ba don barkono take zaune a jikinmu ba. Ainihin aikinta shi ne ta buɗe idan zafi ya kai wajen digiri 43, wato inda nama ke fara shiga haɗari. Mutanen Yamai sun san wannan adadi a watan Afrilu da Mayu. Abin da ke hana fata ihu duk yini shi ne gumi, wanda ke riƙe ta ƙasa da zafin iska. Amma sirdin kabu-kabu da ya yini a rana, ko yashin tsakar gida da azahar, sun zarce haka nesa, shi ya sa yaro ke tsalle in ya taka ba takalmi. Kafsaisin shi kuma maƙalewa yake a wannan kafa ya buɗe ta ba tare da wani zafi ba. Jijiyar ta aika bugu, kuma ba ta da hanyar da za ta ƙara bayanin cewa barkono ne. Ƙwaƙwalwa ta karanta wuta, ta ba da umurnin gumi.

Citta da masoro ma suna taɓa wannan kafa, saboda haka mai haɗa yaji ya daɗe yana aiki da ilmin da bai san sunansa ba. Tsuntsaye kuwa tasu kafar ba ta kula kafsaisin, suna cin barkono hankali kwance su watsa irin a daji. Kuma da yake sinadarin a mai yake narkewa ba a ruwa ba, kofin ruwa yawo kawai yake yi da shi a baki. Nono ya fi. Sanyin na'ana'a da na man shafawa mai mantol labarin ɗaya ne, sai dai kafar daban ce, TRPM8, wadda aka gano a 2002, ita sanyi take jira. A 2010 Ardem Patapoutian ya gano kafofin da matsi ke buɗewa, ya kira su Piezo. Shi da Julius suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka ta girmi waɗannan bincike da sama da shekara 170. Johannes Müller, wani Bajamushe, ya faɗe ta tun 1826: abin da mutum ke ji ya danganta ne da wace jijiya aka tayar, ba da me aka tayar da ita ba. Rufe idonka ka danna gefensa a hankali da yatsa, za ka ga wani zobe na haske a cikin duhu. Matsi ne ya tayar da jijiyar, amma jijiyar ido ba ta san wani labari ba sai na haske. Wanda ya sha mari mai kyau ya ce ya ga wuta, gaskiya ya faɗa. Ka bugi gwiwar hannunka a jikin tebur, zugin a ƙaramin yatsa za ka ji shi, domin jijiyar da ta bi ta nan daga can ta taso, ƙwaƙwalwa kuma inda hanya ta faro take jingina wa saƙo. Shi ya sa wanda aka yanke wa ƙafa bayan haɗari kan ce babban yatsansa na ƙaiƙayi. Ba taɓin hankali ba ne, ba iska ba ne. Guntun jijiyar yana nan, sashen ƙwaƙwalwar da ke sauraronta ma yana nan. Kuma shi ya sa ciwon zuciya kan fito a matsayin ciwon kafaɗa ko hannun hagu ko muƙamuƙi: jijiyoyin zuciya da na waɗannan wurare a mashiga ɗaya suke haɗuwa cikin laka, wato babbar igiyar jijiyoyi da ke cikin ƙashin baya. Dattijon da ya dafe hannun hagu yana gumi, ƙirjinsa ya yi nauyi, asibiti yake bukata, ba mai tausa ba.

Saura tambayar ƙarfi. In bugu iri ɗaya ne, ta yaya ake bambanta shafa da tsunguli? Edgar Adrian a Kambirij ta Ingila ne ya warware wannan a 1926, lokacin da ya iya sauraron zaren jijiya guda ɗaya. Ya ga girman bugun ba ya canzawa. Ko dai ya tashi gaba ɗaya ko kada ya tashi. Abin da ke canzawa shi ne yawansa a cikin sakan ɗaya. Kamar mai ƙwanƙwasa ƙyaure ne da ba ya magana, kuma hannunsa nauyi ɗaya: in ya buga jefi-jefi ka san ba gaggawa, in ya dinga bugawa ba ƙaƙƙautawa ka san da matsala, ƙyauren da ya zaɓa kuma shi ke gaya maka wa ake nema. Idan abin ya ƙara tsanani, jijiyoyin da ke maƙwabtaka su ma su shiga bugun. Aikin nan ya kai Adrian ga Nobel a 1932.

Jijiyoyin ma ba gudu ɗaya suke ba. Masu kauri, waɗanda ke naɗe da wani farin kitse, sukan kai saƙo da gudun da ya haura mita 50 a sakan. Sirara marasa naɗi kuwa wajen mita ɗaya suke yi. Wanda ya yi tuntuɓe da dutse ya san bambancin: da farko wani tsini mai kaifi, sai ɗan shiru, sa'annan zugi mai nauyi ya iso ya zauna. Saƙo biyu ne suka tashi tare, ɗaya ya riga ɗaya zuwa. Janye hannu daga buta mai zafi kuwa ba ya ma jiran ƙwaƙwalwa, laka ce ke yanke hukunci, sai daga baya mutum ya ji zafin.

Daga laka hanyoyin suna haurawa, su tsallaka ɓangare, na dama su koma hagu, na hagu su koma dama, su yada zango a wata mahaɗa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna talamus, kafin a rarraba su: gani can ƙeya, ji na kunne a gefe, taɓawa a sama. Wannan tsallakawa ce ta sa wanda jini ya toshe masa a hagun ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinsa na dama ke shanyewa. Wari ne kaɗai ke da gajeriyar hanya, yana faɗawa kai tsaye kusa da inda ake ajiye tuni da motsin rai. Mai yiwuwa shi ya sa ƙamshin ƙasa a ruwan farko, ko wani turaren wuta, kan dawo wa mutum da gidan kakarsa kafin ya ankara.

Rabon wuri a ƙwaƙwalwa ba bisa girman gaɓa aka yi shi ba. Wilder Penfield, likitan tiyata a Montiriyal ta Kanada, ya buga taswirar a 1937, bayan ya riƙa taɓa ƙwaƙwalwar majinyata da ɗan lantarki suna farke suna gaya masa inda suka ji. Leɓe da yatsu suka kwashe fili mai yawa, gadon baya duk faɗinsa ya tashi da ɗan kaɗan. Ana iya gwadawa a gida da tsinken sakace biyu. A kan yatsa, tazarar milimita 2 ko 3 ta isa mutum ya ce tsinke biyu ne. A gadon baya sai an buɗa su wajen santimita 4, in ba haka ba zai rantse ɗaya ne. Da wannan baiwa ta yatsa mace ke murza shadda a Babbar Kasuwa ta san mai kyau tun kafin mai shago ya buɗe baki.

Yanzu ga abin da, a ganina, ya fi komai amfani a darasin. Makarɓa ba ma'auni ba ne. Labarin canji suke kawowa. Rigar da ke jikinka, ka ji ta da ka sa ta da safe, daga nan ka manta da ita, domin makarɓan da suka ba da labarin sun yi shiru da abin ya daina motsi. Wanda ya shiga wajen majema hanci zai toshe, majemi kuwa yana cin tuwonsa a wurin. Ernst Weber ya nuna tun 1834 cewa ƙarin da mutum ke iya ganewa ya danganta da yawan abin da ke nan tun farko: zuba dintsi biyu na gero a tiyar da kake riƙe da ita za ka ji nauyin ya ƙaru, zuba su a buhun da ɗan dako ya saɓa, ba zai san an yi ba.

Ido ma haka. In aka ɗauke wuta da dare, da farko duhu ne ɗulum. Bayan minti 20 zuwa 30 sai ka ga har bokitin da ke tsakar gida. A tantanin da ke bayan ido akwai makarɓa iri biyu: wajen miliyan 5 zuwa 6 masu ganin launi, waɗanda sai da haske sosai suke aiki, da kuma kusan miliyan 100 masu aikin dare, waɗanda ba ruwansu da launi. Na daren suna bukatar lokaci su sake haɗa sinadarin da hasken fitila ya wargaza, sinadarin kuwa daga bitamin A ake yin sa. Yaron da ke lalube da magariba alhali tsaransa na wasa, wato mai dundumi, sau da yawa nan matsalarsa take. Hanta, ƙwai, mangwaro, karas da zogale suna da shi, kuma ɗigon bitamin A da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 lokacin rigakafi yana tare wannan.

Amma sabo suna ne da muke laƙaba wa abu biyu, kuma ɗaya daga cikinsu ba sabo ba ne. A cikin kunne akwai wani ƙashi mai siffar katantanwa, a ciki kuma ƙwayoyi masu gashi-gashi ne kimanin 15,000. Ƙara ta girgiza dodon kunne, girgizar ta bi ƙananan ƙasusuwa 3, ta kaɗa ruwan da ke cikin katantanwar, gashin ya lanƙwashe, kafofi su buɗe. Ƙara mai tsanani tana kashe waɗannan ƙwayoyi, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake fitowa. Da ma'aunin ƙarfin ƙara da ake kira desibel, masana sun sa iyaka a 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Hanyar ganewa mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, to wurin ya kai. Yaron injin niƙa, maƙerin da ke dukan ƙarfe a kasuwar Katako daga safe zuwa yamma, matashin da ya cusa abin saurare a kunne ya ƙure ƙarar waya, duk za su ce maka sun saba. Wasunsu ba sabawa suka yi ba, kunnen ne ke tafiya. Sirarun sautuka ne ke fara ɓacewa, shi ya sa mutum zai ce yana jin magana amma ba ya rarrabe kalmomin, musamman cikin taro.

Akwai kuma abin da ba mu da makarɓinsa sam. Hanci yana da irin makarɓa wajen 400, harshe yana gane zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wani ɗanɗano na biyar irin na daddawa da romon nama. Duk da haka babu ko ɗaya da ke kama iskar guba da gawayi ke fitarwa idan yana ci a ɗakin da aka rufe. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Lokacin sanyin hunturu, iyali su shigo da kaskon wuta su ja ƙyaure, abin da za su ji bai wuce ciwon kai da kasala da barci ba. Janareta a cikin shago ko zaure haka take.

Kuma gaɓoɓin ji sun fi biyar ɗin da aka koya mana a makaranta. Rufe ido ka taɓa hancinka: tsoka da gaɓɓai ne suka gaya maka inda hannunka yake. A cikin kunne akwai wasu bututu 3 masu ruwa da ke auna juyin kai. Da su mai tallar fura ke ratsa titi da ƙwarya a ka ba ta riƙe ba. Idan labarinsu ya saɓa da na ido, tashin zuciya ya zo: fasinjan motar Tawa da ya duƙufa kan waya, idonsa na cewa a zaune yake, kunnensa na cewa ana jijjiga shi, kafin Doso ya soma neman leda.

Ciwo shi ne wanda bai cika sabawa ba, sau da yawa ma ƙaruwa yake, har wurin da ya kumbura ya ƙi jinin a shafa shi. Duk da haka ba kai tsaye yake wucewa ba. Ronald Melzack da Patrick Wall sun kawo bayani a 1965 cewa a cikin laka akwai wata mashiga da saƙon taɓawa ke iya rage wa saƙon ciwo hanya. Uwar da ke murza goshin ɗanta bayan ya ƙume da bango tana cewa sannu, sannu, aikin da take yi ke nan. Ita ma ƙwaƙwalwa tana aiko da nata umurnin daga sama, ta danne ciwo ko ta zuga shi. Ɗan kokowa kan gama karawa kafin ya lura yatsansa ya goce, mai fargaba kuma tun allura ba ta taɓa shi ba ya fara ji.

Kowa na addu'ar rabuwa da ciwo, amma a dubi wanda ya rasa shi. Mutane da yawa har gobe sun ɗauka kuturta ce ke cinye yatsu. Ƙwayar cutar, wadda Gerhard Hansen ya gano a Norwe a 1873, jijiyoyin fata take lalatawa. Paul Brand, likitan da ya yi shekaru yana aiki a Indiya, ya nuna cewa yawancin asarar yatsun daga baya take zuwa: mutum ya riƙe tukunya mai zafi bai ji ba, ya taka ƙaya ya yini yana tafiya a kanta, miki ya ruɓe, ƙashi ya lalace. Ƙwaƙwalwa ba ta da yadda za ta bambanta jijiyar da ta yi shiru don lafiya lau da wadda ta yi shiru don ta mutu.

Yau a birni ciwon suga ne ya fi yin wannan ɓarna. Dogayen jijiyoyi yake fara ci, saboda haka daga yatsun ƙafa yake somawa, da ɗan zugi ko jin kamar ana tsira allura da dare, daga baya kuma shiru. Gwajin da ake yi a asibiti bai da wuya. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauko wani siririn zaren roba da ke lanƙwashewa idan nauyin da aka ɗora masa ya kai giram 10, ta ce, "Baba, rufe idonka, in ka ji na taɓa ka ka ce e." Ta dangwala a babban yatsa, ta dangwala a tafin ƙafa. Dattijo na kwance yana jira a fara, alhali an taɓa shi sau uku. Daga ranar, ido da hannu ne za su karɓi aikin da jijiya ta ajiye: a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, lokacin alwala ya dace da hakan, a zazzage takalmi kafin a sa, a taɓa ruwan wanka da gwiwar hannu, a bar yawo ba takalmi a kan yashin rana, a kuma bar miƙa ƙafa kusa da garwashi.

Kuturta ita ma da irin wannan gwaji ake kama ta da wuri. Tabo ne a fata, ya ɗan fi sauran jiki haske, ba ƙaiƙayi, ba ciwo, in an shafa masa auduga mai shi ba ya ji. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta, ana sha wata 6 ko 12 gwargwadon nau'in cutar. Maganin yana kashe ƙwayar cutar sarai, sai dai jijiyar da ta daɗe da lalacewa ba kasafai take dawowa ba.